Ɗaukar Hoton Damagaram da Tsakar Dare: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya ga hoton lungun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da aka ɗauka ƙarfe biyu na dare, in shi ma mai sha'awar hoto ne, tambayoyinsa ba sa wuce goma sha wani abu. Na gaji da maimaita amsa ɗaya a bakin shago da wajen masu shayi, shi ya sa na tara su a nan. Na fara da masu sauƙi, masu nauyin suna can ƙasa.

Me ake ɗauka a gari bayan kowa ya kwanta?

Abin da hayaniyar rana ke ɓoyewa. Da rana in ka tsaya a Birni ko Zango, idonka na kan kabu-kabu da masu talla da yaran da ke binka suna "a ɗauke mu". Da dare sai ginin kansa ya fito: zankwaye sun tsaya cak a sararin sama, inuwar indararo ta miƙe a jikin bango, ƙofar zaure ta koma wani baƙin rami. Ga duwatsun nan namu da gari ya ginu a tsakaninsu, waɗanda da rana ba wanda ke ɗaga kai ya dube su.

Amma kada ka fita neman "gari" gaba ɗaya, zai fi ƙarfinka. Nemi haske guda ɗaya ka tsaya a kansa. Ƙwan fitila ɗaya a ƙofar masallacin unguwa. Garwashin mai tsire da ya kusa mutuwa. Jarkoki ruwan ɗorawa da aka jera a bakin famfo ana jiran ruwa ya zo, babu kowa a wurin sai dutsen da aka ɗora wa ta farko don riƙe layi. Wanda ya san garin nan, hoton jarkokin kaɗai ya ishe shi labari.

Waya ta isa, ko sai na sayi babbar kyamara?

Ta isa ka fara, har ka yi nisa. Tun da Google ya fito da tsarin ɗaukar dare a wayoyin Pixel a 2018, Apple ya biyo baya da iPhone 11 a 2019, yanzu har Tecno da Infinix da Samsung masu matsakaicin kuɗi suna da shi. Abin da wayar ke yi shi ne ta ɗauki hotuna da yawa a jere cikin 'yan sakanni, ta haɗe su wuri ɗaya, ta zubar da dattin. Aibinta guda: tana son mai da dare rana. Sai ka ga lungun da ka sani da duhu ya fito tas kamar ƙarfe biyar na yamma, sama ta yi fari-fari. In ka taɓa allon, wata 'yar alamar rana za ta fito. Ja ta ƙasa har duhun ya dawo yadda idonka ke ganinsa.

Babbar kyamara ta fi waya ne a wuri biyu: taurari, da hoton da za a wanke babba a rataye. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu da gilashinta na 18-55 ta wadatar. In kuɗinka bai kai ba, ka fara sayen abin da na ambata a amsa ta gaba, shi ya fi muhimmanci.

Me ya sa hotunana na dare ke fitowa dishi-dishi, fitilu suna jan wutsiya?

Hannunka ne. Da rana idon kyamara na buɗewa ya rufe cikin ƙasa da ƙiftawa, ko ka motsa ba ta sani ba. Da dare sai ta bar idon a buɗe sakan ɗaya, ko biyar, ko talatin, don ta tara ɗan hasken da ke akwai, kuma ba ɗan Adam da zai riƙe abu cak tsawon wannan lokaci. Numfashinka ma motsi ne.

Maganin shi ne maɗauki mai ƙafa uku. In babu, duniya cike take da madadinsa: kan katanga, sirdin babur da aka kashe, bencin mai shayi. Ni na shekara ina yawo da safa da na cika da gero na ɗaure bakinta; ka ɗora ta bisa dutse, ka nitsa kyamara a kai, ta zauna daram ta kowace kusurwa. Sannan kada ka danna da yatsa ka tsaya riƙe da ita. Sa mata jinkirin sakan 2, ka danna, ka ɗauke hannu, ta ɗauka da kanta.

To wane saiti zan yi?

Abu uku ke raba haske a tsakaninsu. Akwai faɗin ƙofar gilashi, wanda ake rubutawa f/3.5, f/8 da sauransu. Lamba ƙarama, ƙofa babba. Akwai tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe. Akwai ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hasken ƙarfi. Kana ɗaga shi hoto na ƙara haske, yana kuma cika da wani yashi-yashi mai launi. Wanda kyamararsa ke zaune daram ba shi da dalilin ɗaga ISO, lokaci zai ba ta.

A titin da ke da fitilu, ni nakan fara da ISO 100, f/8, sakan 8, in duba. Ya yi duhu, in kai sakan 15. Ya yi fari, in sauko 4. Duk lokacin da ka ninka sakannin, haske ya ninka. A f/8 zuwa f/11 fitilun titi kan fito da tsinkaye kamar tauraro, wasu na so, wasu na cewa ya yi kama da kalanda. A lungun da babu fitila sai abin da ke tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofa, ka buɗe ƙofar gilashi iyakarta, ISO 800, sakan 20 zuwa 30. A waya, waɗannan duka suna cikin sashen da aka rubuta Pro, sai dai ƙofar gilashinta yawanci ba ta canzawa.

Abu na huɗu da ke kayar da mutane shi ne saita gani. A duhu kyamara takan yi ta kai da komo tana neman abin da za ta kama, ta rasa. Haska bangon da tocila, bari ta kama, ka mai da ita saitin hannu don kada ta sake nema, ka kashe tocilar, sannan ka ɗauka.

Ƙarfe nawa gari ke yin tsit?

Ba da wuri ba. Matasan fada, wato majalisar hira, ba sa tashi daga kan butar shayi kafin sha biyu, wasu har ɗaya. Tashoshin motocin safa kuma tun kafin asuba suke cika da masu tafiya Yamai da Maraɗi. Tsit na gaskiya yana tsakanin ɗaya da rabi zuwa kiran assalatu. A watan azumi kuwa ka manta da shi, musamman goman ƙarshe, gari ba ya barci.

Wanda zai iya jurewa ya tsaya har bayan sallar asuba. Kafin rana ta ɓullo akwai ɗan lokacin da sama ke yin shuɗi mai duhu alhali fitilu ba a kashe su ba. A ƙasarmu ba ya daɗewa, minti ashirin da ɗoriya ne ya wuce, don haka ka riga ka zaɓi wurin tsayawa tun da duhu.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Kowanne da halinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi na korar mutane cikin ɗaki da wuri, tituna su zama naka, amma hunturu na zuwa da ƙura. Ranar da buji ya sauka, taurari sun tafi, sai dai kowace fitila ta yi rawani na haske kewaye da ita, kuma wannan ma abin ɗauka ne. A irin daren kada ka cire gilashin kyamara a waje, kada kuma ka goge shi da bakin riga, ƙurar nan yashi ce, karce shi za ta yi. Hura ta tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai laushi.

Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, rabin gari a ƙofar gida yake kwana. Ka karanta amsar da ke maganar masu barci a waje kafin ka fita. Zafi kuma na ƙara wa hoton dogon lokaci yashi. Ni damina na fi so. Daren da aka yi ruwa aka ɗauke, sama wankakkiya, kududdufai sun kwanta a hanya suna mai da kowace fitila biyu. Sauke kyamara kusa da ƙasa ka gani. Sauro ne kuɗin shiga.

Sai na nemi izini kafin in ɗauki lungu ko bangon gida?

A hankalce, e. Hausawa sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu, kuma wanda ya leƙo ya gan ka tsugune gaban gidansa da wani ƙarfe mai ƙafa uku, karin magana ta biyun ce za ta faɗo masa. Aikin hoton dare da rana ake fara shi. Ka je unguwar da la'asar, ka gaida dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci, ka nemi mai unguwa, ka nuna masa irin hotunan da kake yi a wayarka. Ka sami saurayi ɗan unguwar ya raka ka. Shayin da za ka saya masa ya fi kowane gilashi amfani.

Na koyi wannan ne a wuya. Wani dare na kafa kyamara ina jiran sakan talatin su cika, sai na ji sanda ta daki ƙasa a bayana. Wani tsohon maigadi ne. "Kai yaro, uban me kake aunawa a gidan mutane?" Na ce, "Baba, yi haƙuri, hoto ne." Ya ce, "Hoto a duhu? Ni za ka mayar yaro?" Allah ya taimake ni kyamarar ta gama, zanen bangon ya fito a allo, ja da shuɗi, har da tsagar da ke gefen ƙofa. Ya daɗe yana kallo, ya ce shekararsa nawa yana kwana a nan bai san bangon na da kyau haka ba. Duk da haka sai da ya ce gobe in zo in gaida mai gidan, kuma na zo.

Fadar Sarkin Damagaram, wadda gininta ke komawa tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, gida ne da ake zaune a ciki, ba kufai ba. Ka nemi izini wajen dogarai da rana, in sun ce a'a, a'a ce.

Akwai wuraren da ba a ɗauka sam?

Akwai: barikin soja, ofisoshin jandarma da 'yan sanda, shingen bincike, filin jirgi, gidan kaso, da matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut. Wanda ya fi jan hankalin masu hoto shi ne tsohon sansanin Faransawa da ke bisa duwatsu, wanda aka sa wa sunan Kyaftin Cazemajou da aka kashe a garin nan a 1898. Tarihi ne, gaskiya, daga zamanin da Zinder, wato Damagaram, ke babban birnin mulkin mallaka kafin a mai da shi Yamai a 1926, amma wurin sojoji ne, kada ka juya gilashinka can ko daga nesa. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, kada ka tashe shi ba da takardar hukuma ba, balle da dare.

Riƙe katinka na ɗan ƙasa. In 'yan sintiri suka tsayar da kai, kashe tocila, ka bar hannunka a fili, ka yi sallama, ka nuna musu hotunan tun ba su tambaya ba. In sun ce goge wani, goge. Kuma ka saurari rediyo: duk lokacin da hukuma ta sa dokar hana yawon dare ko hana babura, maganar fita ta ƙare.

In na tarar da mutane kwance a waje fa? Hoton na da kyau ƙwarai.

Na sani. Tabarmi a jere, farin wata a kansu, gidan sauro na kaɗawa. Amma mai barci ba ya iya cewa e ko a'a, kuma ba wanda ke son a ga yadda yake kwana. Almajiran da ke kwance a rumfar kasuwa sun fi kowa rashin mai tsaya musu, shi ya sa ni ba na ɗaukarsu. Wanda ke farke, mai shayi, mai gashin burodi, ɗan ga-ruwa da ya fito da kurarsa, tambaye shi, in ya yarda ka tura masa hoton.

Ga wata dabara da doguwar ɗauka ke bayarwa kyauta: in ƙofar gilashi ta yi sakan 15 a buɗe, mai wucewa ba ya fitowa, ko ya fito kamar hayaƙi, ba fuska ba kamanni. Babur kuma sai dai ka ga jan zare da farin zare a kan titi.

In aka ɗauke wuta, in koma gida?

Ina! Lokacin ne ma. Wanda ya zauna a garin nan a 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke layin lantarki a watan Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya ga irin saman da kakanninmu suka sani. Idan kuran ya tafi, fitilun sola na titi da 'yan shagunan da ke da janareta kaɗai ke saura, kowanne tsibiri a cikin duhu, abin da na ce ka nema tun a amsar farko. Ba idonka minti goma sha biyar zuwa ashirin ya saba, ka rage hasken allon wayarka, ka kula da kwata da ramuka.

In kunna filashi?

Kashe shi. Ba ya kai ko'ina, yana baje bango ya zama kamar takarda, a lokacin ƙura kuma ya cika hoton da fararen ɗigo. Uwa uba yana tada unguwa.

Zanen bangon Birni da Zango, irin su dagi da sauran ƙulle-ƙullen da magina ke fitarwa, tudu da kwari ne a jikin yaɓe, kuma inuwa ce ke nuna su. Hasken da ya zo ta gaba yana kashe inuwar, wanda ya zo ta gefe yana raya ta. Kafa kyamara a sakan 20, ka koma gefe ɗaya kusa da bangon, ka shafa masa hasken ƙaramar tocila daga sama zuwa ƙasa na sakan uku ko huɗu, kamar mai shafa makuba, kada ka tsaya wuri ɗaya. In tocilar ta yi ƙarfi, rufe bakinta da farin ƙyalle. Za ka ɓata biyar kafin ka sami ɗaya. Kada hasken ya shiga taga.

Me ya sa wani hoton ke yin ja, wani kore, wani da baƙaƙen layuka?

Fitilu ba launinsu ɗaya ba, ido ne ke rufa musu asiri. Tsofaffin fitilun titi ruwan lemo ne, na sola fari mai shuɗi-shuɗi, dogon ƙwan shago kan ja zuwa kore. In ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, kowane hoto da nasa launi. Nemi saitin farin haske, inda lamba ke da K a gefenta, ka sa tsakanin 3500 da 4000. Bangon ƙasa zai riƙe jansa, sama ta yi shuɗi. In fitila biyu masu launi daban sun haɗu a hoto ɗaya, bar su, haka wurin yake.

Layukan kuwa daga lantarki ne. Wutarmu na juyawa sau 50 a sakan, wasu fitilun na ƙiftawa tare da ita. Sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/25 na sakan, ko abin da ya fi haka jinkiri, za su ɓace.

Yaya ake haɗa gari da wata ko taurari?

Kalandar Musulunci ce jagorarka. Daren 13 zuwa 15 farin wata kan haska duwatsu har ka ga inuwarka. Gwada f/4, ISO 800, sakan 15, amma ka tuna gargaɗin mai da dare rana. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, a nan dai sakan goma sha biyar ya ishe shi. Kowane dare wata na jinkirin fitowa da kimanin minti 50, don haka daga 18 zuwa 21 ga wata yana ɓullowa ne bayan gari ya fara kwanciya, yana ƙasa-ƙasa, haskensa na shafar bangon da ke kallon kudu ko arewa ta gefe, ya yi maka aikin tocila. Fuskar watan kanta abu ne dabam, haskenta na rana ne: ISO 100, f/11, 1/100. Ba za ka same ta da lungu a saiti ɗaya ba, ɗayan zai ƙone ko ya nitse.

Taurari kuwa sai ƙarshen wata ko farkonsa, kuma gara ka ɗan fita bayan gari, wajen hanyar Mirya, kai da abokin tafiya. Ƙofar gilashi a buɗe iyakarta, ISO 1600 zuwa 3200. Sama na juyawa digiri 15 a awa, don haka in ka wuce kima taurari za su ja layi. Da gilashin 18 a ƙaramar Canon ko Nikon kada ka haura sakan 15. A lokacin sanyi Kaza da 'ya'yanta na can tsakiyar sama da farkon dare. Wanda ke son taurari su zana da'ira ya fuskanci arewa: Zinder na kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, tauraron da sauran ke kewayawa yana sama da doron ƙasa da kimanin dunƙulen hannu ɗaya da rabi in ka miƙe hannunka. Nemi zanko ko dutse ka sa a ƙarƙashinsa.

Gyara fa? Kuma me ya sa hoton ke lalacewa in na tura shi?

In kyamararka ko wayarka na da RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta gyara da kanta ba, ɗauka da shi, yana riƙe abin da ke cikin inuwa kuma launi na gyaruwa daga baya. Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. Rage hasken fitilun da suka ƙone, ɗaga inuwa kaɗan, kaɗan na ce, ka bar wani sashe baƙi ƙirin. Kada ka matsa wa maganin yashi, yana mai da bangon ƙasa sumul kamar roba, alhali kaushin nan shi ne kyansa. Kuma kada ka yi gyara a cikin duhu da allo a cike da haske, da safe za ka tarar hoton ya fi yadda ka zata duhu.

WhatsApp na matse hoto, kuma duhu ne ya fi shan wahala, sama ta fito da tabo-tabo. Tura shi a matsayin takarda, ba ta hanyar hoto ba, zai isa yadda yake. In za ka kai a wanke, ƙara masa haske kaɗan fiye da na allo, ka ce a fara fitar maka da ƙarami ka duba, don injin wanki kan so ya "gyara" duhun da kansa, gaya wa mai shagon tun farko, "Malam, don Allah kashe gyaran injin, haka nake son shi."